Wa ke riƙe da makunnin famfon Inna?

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, wadda ta yi daidai da huɗu ga watan azumi, da misalin ƙarfe goma na safe, ina zaune a kan benci a ƙofar wani ofishi a Birnin Kebbi ina jiran a ba ni izinin shiga yin hira. Na zaro waya daga aljihu, na taɓa wani ɗan hoto a fuskarta, injin jawo ruwa ya tashi a gidan mahaifiyata a Argungu. Kusan wata shida ke nan ina yin haka kullum, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana fasa mini kai. Sau da yawa nakan nuna wa abokan aiki in ce, ga ni nan zaune tare da ku, amma yanzun nan na ba Inna ruwa.

Rijiyar burtsatse ce muka haɗa kuɗi ni da 'yan'uwana muka haƙa mata, aka zura injin sumo a ciki, aka ɗora tankin roba mai cin lita 2,000 a kan ƙarfe a kusurwar tsakar gida. Da janareta ake tayar da injin a farko. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, sai muka sake yin karo-karo muka sa farantan sola da batura. A lokacin ne na sayo wani ɗan farin makunni mai araha da ake sarrafawa da manhajar waya. Mai gyaran wuta ya haɗa shi, na sa aka kafa shi cikin akwatin ƙarfe saboda jikoki masu ƙiriniya, na danna kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihuna. Na kuma ja kunnen kowa a gidan cewa kada wanda ya taɓa, ni zan riƙa kunnawa da kashewa.

Sha ɗaya saura na danna alamar kashewa. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar wayar. Kafin ya tsaya aka leƙo aka ce in shigo, na kashe ƙarar wayar na sa ta a jaka, a zatona saƙo ya isa. Hirar ta yi tsawo, aka tashi aka yi sallar azahar, aka dawo aka ci gaba. Da na fito na tarar da kiran Inna da na ƙanena sun yi layi a wayar.

Saƙon bai isa ba. Inna ta tafi sauraron tafsiri, matar ƙanena tana makarantar da take koyarwa, yara ma ba su taso ba. Da Inna ta dawo ta iske tsakar gida ya zama tafki, ruwa yana kwarara daga saman tanki yana cin gindin katangar ƙasa da ta raba mu da maƙwabta. Kafin ɗan maƙwabcinmu ya samo guduma ya ɓalle kwaɗon, injin ya riga ya yi shiru da kansa. Da rani ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ja baya. Injin ya zuƙe abin da ke rijiyar har ya koma zuƙar iska, alhali ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, sai ya ƙone. Kusurwar katangar ta zube da yamma. Kwana tara Inna tana sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, cikin azumi, cikin zafin bazara, da rijiya a tsakar gidanta.

Da na je washegari na zauna a gabanta ina ta kawo bayani, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Kai ɗan nan, famfo yana tsakar gidana, mabuɗinsa yana aljihunka a Birnin Kabi, mai ba shi umarni kuma ka ce yana ƙasar Turawa. To ni mi nawa a cikin gidan ga?"

Ban sami amsa ba a ranar. Wannan rubutu shi ne abin da na koya a ƙoƙarin ba ta amsa.

Doguwar hanyar gajeren saƙo

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Na ɗauka saƙona ma wannan hanyar yake bi. Ashe idan na danna waya, umarnin yakan hau ƙarfen sabis mafi kusa, ya gangara Legas, ya shiga wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya isa wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera makunnin a wata ƙasa. Ita ce za ta duba ko ni wane ne, ta amince, sannan ta juyo da umarnin ta wannan doguwar hanya zuwa tsakar gidan Inna. Ko da a gindin tankin nake tsaye, haka saƙon zai yi wannan ɗawainiya. Wannan shi ne abin da masu sayar da kayan ke kira gajimare. Sunan yana da daɗin ji, amma ma'anarsa kwamfutar wani ce a ɗakin wani.

A safiyar wannan Alhamis ɗin manyan wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka sami matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka daina aiki yadda ya kamata, mutane suka yi cirko-cirko a shaguna. Kiran waya na tafiya, amma duk abin da sai ya tsallaka teku ya dawo ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Laifin ƙonewar injin nawa ne, domin ni na ɗaure akuyar gidanmu a turken da ban san inda yake ba.

Da na fara karance-karance na ga ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba, har a ƙasashen da intanet ba ya yankewa. A Amurka an yi wata na'urar sarrafa kayan gida mai suna Revolv, wadda ake sayarwa dala 300. Kamfanin Nest, mallakar Google, ya saye masu yin ta a 2014, sannan a watan Mayun 2016 ya kashe kwamfutocin da take dogara da su. Na'urorin da ke gidajen mutane lafiyarsu ƙalau, amma suka koma kayan ado. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya rufe nasa kwamfutocin ba tare da sanarwa ba, masu amfani da manhajarsa suka wayi gari ba ta amsawa, sai da wasu daga cikin masu sayen kayan suka haɗu suka saye kamfanin bayan watanni biyu suka farfaɗo da shi. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Mu a wannan yanki ba sai an je Amurka an samo mana misali ba. A farkon Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni ba kira ba intanet. Duk gidan da famfonsa ke jiran umarni daga intanet a lokacin, da sai dai a koma guga. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba maƙwabciyarta, kuma babban layin da ke kai wuta Yamai daga nan Birnin Kebbi ya tashi. Mai shago a Yamai bai yi juyin mulki ba, amma firjinsa ya mutu. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya fi kowa sanin wannan karatu. Ruwan da zai yi noman rani da shi, da wanda zai iya shafe gonarsa da damina, duka suna da alaƙa da abin da aka yanke shawarar yi da ƙofofin madatsar Goronyo, can sama a kan gulbin Rima. Waɗannan manyan makunnai ne da talaka ba shi da iko a kansu. Abin kunyar shi ne ni da hannuna, da kuɗina, na ƙara wa Inna wani.

Ido, ƙwaƙwalwa da hannu

Bayan sallah, da muka biya kuɗin sabon inji da gyaran katanga, na yi niyyar komawa makunnin hannu kawai in huta. Amma matsalar da ta sa na sayi na'urar tun farko tana nan. Inna ba za ta iya hawa tsani ta leƙa tanki ba. Injin ya fi kyau ya yi aiki da tsakar rana, lokacin da farantan sola ke ba da wuta sosai, don kada ya shanye baturan da za su riƙe fanka da firji da dare, kuma a daidai lokacin ne gidan ya fi zama ba kowa. Ana buƙatar mai lura. Tambayar ita ce ko za a iya samun mai lurar da yake zaune a cikin gidan.

Ana iya samu. Ni aikin jarida na karanta, ban taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba kafin wannan lokaci, amma da na fahimci tsarin sai na ga duk na'urar da ke sarrafa kanta gaɓoɓi uku gare ta.

Na farko ido, wato ma'aunai. A murfin tanki mun kafa wani ɗan ma'auni mai kama da murfin kwalba, wanda ke harba sautin da kunnen mutum ba ya ji zuwa fuskar ruwa, ya jira amsa-kuwwa ta dawo. Daga tsawon lokacin da ta ɗauka yake lissafa nisan ruwan, kamar yadda jemage ke gane bango a duhu. A kan wayar da ke kai wa inji wuta mun maƙala wani zobe mai auna yawan wutar da injin ke ja. Wannan zoben shi ne da zai ceci tsohon injinmu, domin sumo idan ya rasa ruwan turawa nauyin da ke kansa yakan ragu, wutar da yake ja ta faɗi, tun kafin ya yi zafin da zai ƙone.

Na biyu ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan allo mai suna ESP32 da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016. Bai fi akwatin ashana girma ba, yana da arha, kuma yana iya riƙe dokoki ya zartar da su shi kaɗai. Dokokin da na rubuta masa ba su da yawa. Kada ka tayar da inji sai tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana. Idan tanki ya cika, kashe. Idan wutar da inji ke ja ta faɗi, kashe nan take, ka jira awa guda rijiya ta taru. Idan ya yi minti arba'in yana aiki, kashe, ko da ma'aunai sun ce komai lafiya, domin ma'auni ma yana kuskure.

A ɗakin ƙanena kuma muka ajiye wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, irin wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012 don koya wa yara. Girmanta kamar katin cirar kuɗi, kuma ba ta fi ƙwan fitila guda na zamani cin wuta ba. A kanta na ɗora manhajar Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara rubutawa a 2013. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara. A watan Afrilun 2024 aka miƙa ta ga wata gidauniya da ba ta neman riba, Open Home Foundation, don kada wani ya saye ta ya rufe. Ita ce ke tattara bayanan ma'aunai, ta adana su a cikin gidan, ta nuna su a waya. Tana magana da ɗan allon ta wayafai na cikin gida, wanda ke aiki ko da babu data ko kobo.

Na uku hannu. Ɗan allon ba shi da ƙarfin da zai ɗauki wutar injin da ke jan kimanin wat 750, wanda kuma yake fizgar ninkin haka a lokacin tashi. Shi dai yana taɓa wani ƙaramin makunni, shi kuma ya ja babban makunni mai maganaɗisu da masu gyaran wuta ke kira kwantakta. A nan na tsaya na bar aiki ga masu shi. Duk abin da ya shafi wuta mai ƙarfin bolt 230 kusa da ruwa, mai gyaran wutarmu ne ya haɗa, ya kafa ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa, ya sa na'urar da ke yanke layi idan wuta ta zurare. Mai karatu, ko ka manta da duk abin da na faɗa, kada ka manta da wannan.

Abin da Kabi ke yi wa na'ura

Waɗanda suka rubuta jagororin da na bi a intanet ba su san watan Afrilu a Argungu ba. Kuskuren farko da na gano daga zafi ya zo. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, kuma da wannan adadi lissafin da na kwafo yake aiki. Amma gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin kashi shida cikin goma na mita a kan kowane digiri. Iskar da ke cikin baƙin tanki da tsakar rana tana iya kai digiri 45, inda gudun zai kusa mita 358. Amsa-kuwwa takan dawo da wuri, sai na'ura ta zaci ruwa ya fi kusa da murfi fiye da yadda yake. A tanki mai tsayin mita ɗaya da rabi kuskuren zai kai santimita shida idan ruwa ya yi ƙasa, wato kimanin lita 80, fiye da jarka uku. Ma'aunin ya fi yin ƙarya a daidai lokacin da ruwa ke gab da ƙarewa. Sai da na ƙara ma'aunin zafi a cikin tankin, na sa lissafin ya riƙa gyara kansa.

Ita ma ƙaramar kwamfutar idan zafin cikinta ya kai digiri 80 takan rage wa kanta gudu, don haka muka sauko da ita daga saman kwaba, kusa da kwanon rufi, muka sa mata 'yar fanka. Da hunturu ƙura ta toshe fankar. Wata rana tanki ya ce ya cika alhali babu ko ɗigo a famfo, da ƙanena ya hau sai ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ma'aunin. Wani dare batura suka ƙare, kwamfutar ta mutu ba shiri, katin da take ajiye bayanai ya lalace, na kwashe hutun ƙarshen mako ina sake ɗora komai. Na kuma gano cewa irin wadda na saya ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan wuta ta ɗauke. Intanet take tambaya ƙarfe nawa. Ashe ko bayan na kori gajimare ta ƙofa, ya bar ƙafa ɗaya a taga. Wani ɗan agogo mai batirin kansa, mai kama da kwabo, shi ya warware wannan.

Na jero waɗannan ne don kada wani ya ɗauka hanya ce mai sauƙi. Makunnin kamfani minti goma ya ɗauke mu haɗawa. Wannan ya ci mini watanni, da kuɗin mota, da jiran kayan da sai an aiko daga Kano ko Legas. Abin da na samu a madadin wahalar shi ne duk lokacin da wani abu ya lalace, a cikin gidan ya lalace, inda hannu zai kai gare shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tanki ya koma ɗan rahoto

Na ɗauka na gama ba Inna amsa. Ashe saura babban darasin.

Na buɗe wa kaina wata kafa da nake leƙa kwamfutar gidan daga Birnin Kebbi duk lokacin da akwai intanet. Manhajar tana zana layi mai nuna hawa da saukar ruwa a tanki, minti bayan minti. Da farko lafiyar inji nake dubawa. Sannu a hankali na fara karanta wani abu dabam a layin. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ruwa yakan ɗan sauka, na san Inna ce ta tashi alwala. Bakwai saura yakan sauka da yawa, wankan yara ne. Ranar wanki a bayyane take. Ranar da aka yi baƙi ma haka. Ba kyamara, ba makirufo, amma ga rayuwar gidan a shimfiɗe a tafin hannuna.

Wata asuba na farka na duba, layin bai motsa ba. Biyar ta yi, bai motsa ba. Gabana ya faɗi, domin Inna tana fama da hawan jini. Na kira ta. Ta ɗauka da muryar mai lazimi, muka gaisa, na ce na ga ba ta tashi ba ne. Ta ce ruwan buta ta yi alwala da shi, wanda ta ɗiba tun dare. Sai ta yi shiru, sannan ta ce: "Wa ya gaya maka ban tashi ba?" Na ce tanki. Ta ce: "Ashe tankin ga ɗan rahoto ne. To matar ƙanenka fa, ita ma yana gaya maka sa'ad da take shiga wanka?"

Kunya ta rufe ni har na rasa abin cewa. Gidan Bahaushe an gina shi a kan sanin iyaka. Baƙo yana tsayawa a zaure, namiji baligi ba ya faɗawa cikin gida sai ya yi sallama an ba shi izini, ko da gidan ubansa ne. Ni kuwa na zauna a wani gari ina shiga ba sallama sau goma a rana, ina kiran abin kulawa. Na kuma tuna cewa wata shidan da muka yi da makunnin kamfani, kowace kunnawa da kashewa ta bi ta kwamfutar mutanen da ba mu san su ba. A watan Yunin 2023 Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa kamfanoni sharuɗɗa kan abin da za su iya tarawa game da mutum. Amma ba a yi ta don ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ba. Ajiye bayanai a cikin gida ya hana bare gani. Bai hana na gida wuce gona da iri ba.

A ranar na rufe kafar. Yanzu abu uku kawai gidan ke sanar da ni, ta gajeren saƙon tes: inji ya rasa ruwa, tanki ya kwana bai cika ba, ko batura sun yi ƙasa sosai. Zanen hawa da saukar ruwa yana nan a kwamfutar, yana goge kansa bayan mako guda, kuma sai wanda ke cikin gidan zai iya buɗe shi. Lafiyar Inna kuwa na koma tambayarta kamar yadda ake tambaya, in kira in gaishe ta.

Gwajin Inna

Saura abu guda, kuma mai gyaran wutarmu ne ya nuna mini shi. Dattijo ne da ya yi shekaru yana haɗa injinan ban-ruwa a fadama. Ya dubi wayoyin da na jera ya ce: "Malam, duk wannan abu kai kaɗai ka san kansa. Ran da aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja fa?" Gaskiya ya faɗa. Na cire kamfanin ƙetare daga tsakanin Inna da ruwanta, na dasa kaina a gurbinsa. Ni ma ina iya yin tafiya, ina iya yin ciwo, wayata na iya faɗawa ruwa.

Saboda haka muka sake tsarin hawa-hawa, ta yadda kowane mataki zai tsaya da ƙafarsa idan na samansa ya faɗi. Idan intanet ya yanke, saƙona ne kawai ba zai zo ba. Idan ƙaramar kwamfutar ta mutu, ɗan allon da ke gindin tanki yana riƙe da dokokinsa, zai ci gaba. Idan shi ma ya ƙone, akwai wata 'yar ƙwallon roba da ke yawo a saman ruwan tanki, irin wadda masu aikin famfo suka daɗe da sani. Ba ta da manhaja ko kaɗan. Ruwa ya ɗago ta, ta yanke wa kwantakta wuta. A ƙarshe kuma, a jikin bango kusa da ƙofar ɗakin Inna, daidai tsayin kafaɗarta, akwai makunni baƙi mai matsayi uku: kunna, kashe, bar wa na'ura. Abin da ta zaɓa shi ne ke sama da duk dokar da na rubuta. Akwatin ƙarfen yana nan saboda yara, amma mabuɗinsa yana ɗaure a bakin zanenta tare da na ɗakin ajiya.

Na sayi littafi mai bango mai kauri na zana komai a ciki da Hausa, wace waya ta tafi ina, me za a duba idan kaza ya faru, na rataye shi a ƙusa cikin akwatin. 'Yar ƙanena mai shekara goma sha huɗu ta karance shi tsaf, yanzu ita ke share bakin ma'auni duk ranar Asabar, kuma ta fara tambayata yadda ake canza dokokin.

Duk wanda ya tambaye ni shawara kan irin waɗannan kaya, ko kyamara ce, ko makullin ƙofa, ko makunnin famfo, gwajin da nake ba shi ke nan, kuma tun a shago ya kamata a fara shi. A cire intanet a ga ko abin zai yi aiki. A tambaya ina bayanan da yake tarawa suke kwana, wa kuma zai iya karanta su. Sannan a kawo wanda ya fi kowa tsufa a gidan a ga ko zai iya kashe shi da hannunsa ba tare da ya kira kowa ba. Kayan da suka faɗi wannan gwaji ba naka ba ne tukuna, ko da rasit ɗin yana aljihunka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ya kamata a bar masa abin toshewa a kusa.

Da azumin da ya biyo baya na je Argungu shan ruwa. Muna zaune a tabarma bayan la'asar sai na ji inji ya tashi, alhali lokacin da na ƙayyade masa ya wuce. Na zabura zan duba waya. Inna ta ce in zauna, ita ta kunna. Maƙwabtan da katangarsu ta zube bara ne famfonsu ya lalace, ta ce yaransu su zo su ɗiba kafin magariba, kuma ba ta son tanki ya yi ƙasa. Na ce ai batura za su ragu, fanka ba za ta kai asuba ba. Ta ce ta sani, a waje za ta kwana. Yaran suka shigo da bokitai suka yi layi a bakin famfo. Da na ƙarshensu ya fita ta miƙa hannu ta mayar da makunnin wurinsa, ta ce in matso da kwanon dabino.